A Bar Ɗaliban Zane Su Yi Bincike da Ƙafafunsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani fanni na karatun gaba da digirin farko wanda ba kasafai ake jin ɗuriyarsa a shafukan jaridunmu ba, wato karatun zane-zane da ƙirƙira, musamman reshensa da ya ɗauki tafiya a ƙafa cikin birni a matsayin hanyar bincike. Na daɗe ina koyar da zane a makarantun sakandare da kwalejin horar da malamai kafin in yi ritaya, don haka abin da zan faɗa ra'ayi ne na malamin aji, ba na wanda ke da kujera a majalisar wata jami'a ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da wata tsohuwar ɗalibata ta kawo mini. Ta sami gurbin karatun digiri na biyu a sashen zane na ɗaya daga cikin jami'o'in ƙasar nan, wadda ba zan kama sunanta ba, ta kuma gabatar da ƙudurin bincikenta a gaban malamai: tana son ta riƙa bin hanya guda a ƙafa cikin tsohon birni, daga unguwarsu zuwa kasuwa, a lokuta daban-daban na yini da na shekara, tana zana abin da ta gani, tana naɗar abin da ta ji, daga bisani ta haɗa aikin da za ta baje kolinsa tare da kundin da zai yi bayaninsa. Tun ba ta kai aya ba wani malami ya tambaye ta ko yawon gari ta zo yi ko karatu, ɗaki ya ɗauki dariya, aka ce ta koma ta nemo maudu'i na ilimi. Ta koma ta ɗauko irin wanda aka saba, nazarin launuka a jikin kayan adon dawakin sarauta, aka kuwa amince nan take. Ban ga laifin malamin ba da ya yi tambaya, domin aikinsa ke nan. Inda muka rabu da shi shi ne da ya ɗauka tambayar tasa ba ta da amsa, alhali kuwa amsar ta girmi ɗalibar nesa ba kusa ba.

A shekarun 1950, a birnin Faris na ƙasar Faransa, wasu matasa masu zane da rubutu, waɗanda fitacce a cikinsu shi ne Guy Debord, sun ɗauki ɗabi'ar fita bibbiyu ko uku-uku su yi ta tafiya ba tare da sun nufi ko'ina ba, suna barin yanayin unguwa ya ja su ko ya kore su, sannan su dawo su rubuta abin da suka lura da shi. Damuwarsu ita ce masu tsara birni sun mayar da mutum abin da ake kwasa daga gida zuwa wurin aiki a dawo da shi, har ya zama mazaunin Faris bai san komai a garinsa ba sai layuka biyu ko uku da yake bi kullum. A 1957 Debord ya yayyanka taswirar birnin, ya warwatsa gutsattsarin a kan takarda, ya haɗa su da jajayen kibiyoyi masu nuna inda ƙafa ke son zuwa daga wata unguwa zuwa wata. Taswira ce da ba za ta kai baƙo masauki ba, amma ta nuna wani abu da taswirar hukuma ba ta nunawa, wato yadda gari yake a jikin mai zama cikinsa. Har yau ɗaliban tsara birane da na zanen gine-gine suna nazarinta.

Shekara goma bayan haka, a 1967, wani ɗalibi a makarantar zane ta Saint Martin's da ke Landan, mai suna Richard Long, ya hau jirgin ƙasa ya fita bayan gari, ya sami wani fili mai ciyawa, ya yi ta kai da komo a kan layi ɗaya har ciyawar ta kwanta, ya ɗauki hoton layin ya dawo. A lokacin da abokan karatunsa ke fama da ƙarfe da walda, shi abin da ya kawo ke nan. Wannan hoton yau yana cikin ayyukan da ake koyar da tarihin fasahar ƙarni na ashirin da su, kuma Long ya ci kyautar Turner, babbar kyautar masu zane ta Ingila, a 1989. Ni dai, in an bar ni da zaɓina, aikin Francis Alÿs ya fi kama zuciyata, domin shi cikin gari ya yi nasa, tsakanin mutane. Ɗan ƙasar Beljiyam ne da ya karanci zanen gine-gine, ya koma birnin Meziko da zama. A 1997 ya ɗauki ƙaton dunƙulen ƙanƙara ya yi ta tura shi a titunan birnin sama da awa tara, har ya narke ya zama ɗan abin da ake shuri da ƙafa, ƙarshe ya zama jiƙon ruwa a kan kwalta. Duk wanda ya taɓa ganin mai tura kura ya yini yana wahala ya koma gida da abin da bai kai kuɗin cefane ba, ba ya bukatar farfesa ya fassara masa wannan aiki. A 2004 kuma ya bi ta cikin birnin Ƙudus riƙe da gwangwanin koren fenti da ya huda, fentin yana zuba a ƙasa a kan layin tsagaita wuta da aka shata a taswira bayan yaƙin 1948, domin mutane su ga da idonsu ta ƙofar gidan wa da tsakiyar titin wa wannan layi ya ratsa.

Ba a Turai da Amurka kaɗai abin ya tsaya ba. Emeka Ogboh, haifaffen Inugu wanda ya yi karatun zane a Nsukka, ya yi suna a duniya ne da naɗar sautin Legas: kiran kwandastocin motocin danfo, hayaniyar tasha, muryoyin masu talla a cikin cunkoso. An baje ayyukansa a babban bikin fasaha na birnin Banis a 2015 da kuma na Documenta, wanda ake yi a ƙasar Jamus, a 2017. Ba a samun irin wannan sauti daga cikin ofis; sai an taka an shiga tasha an tsaya. Jami'o'i da dama, musamman a Birtaniya da Ostireliya, sun daɗe da karɓar digirin digirgir wanda rabinsa aikin hannu ne da ake baje kolinsa, rabinsa kuma rubutu ne mai bayyana tambayar da aka yi da hanyar da aka bi da abin da aka gano, kuma a ƙarƙashin wannan tsari ne ɗalibai da yawa suka yi bincikensu a kan tafiya da rayuwar birni.

Na san za a ce wannan duk kayan aro ne, kuma na yarda cewa kwaikwayon Faris a Fagge ba zai haifar da ɗa mai ido ba. Amma ina tunatar da malamanmu abin da ya faru a Zariya. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, saboda sun ga manhajar da ake koya musu daga Landan aka kwafo ta ba tare da la'akari da ƙasar da suke ciki ba. Ba su ce a zubar da abin da Turawa suka kawo ba. Cewa suka yi a ɗauki dabarar a haɗa ta da abin gida, sai kowa ya koma garinsu yana bin tsofaffi yana kwafar zanen bango da na jiki da tatsuniyoyi. Daga wannan ne fasahar zamani ta Nijeriya ta sami fuskarta. Abin mamaki ne a ce sassan zane da ke alfahari da wannan tarihi su ne yau suke tsoron ɗalibin da ya zo da hanyar da ba a saba ba.

Kuma idan akwai garuruwan da suka cancanci a karance su da ƙafa, to tsofaffin biranenmu ne, domin da ƙafa aka gina su kuma don ƙafa aka tsara su. Ɗauki Kano, inda na fi sani. Ganuwar da aka faro a zamanin Sarki Gijimasu, kasuwar Kurmi da gidan sarautar da Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na goma sha biyar, unguwanni irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa waɗanda ke shaida baƙin da suka sauka suka zama 'yan gari, duka an jera su ne gwargwadon abin da mutum da jakinsa za su iya ci a tafiya. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya hau Dala ya zana garin daga sama, ya kuma zaga shi a kan doki, kuma har yau masana tarihi da abin da ya zana da wanda ya rubuta suke kafa hujja. Ya kamata mu tambayi kanmu abin da mai bincike zai samu nan da shekara ɗari game da Kano ta yau, a daidai lokacin da take sauya kama fiye da kowane zamani. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi. Gadojin sama da na ƙasa sun tashi a Ƙofar Nassarawa da Gadon Ƙaya da Kabuga da Ƙofar Ruwa. An cike kududdufai da yawa, waɗanda daga cikinsu ne aka haƙi ƙasar da aka gina birnin, an dasa shaguna a kansu. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, adaidaita sahu ta mamaye tituna, sautin garin ma kansa ya canza. Ba ina cewa duk wannan ɓarna ba ce, domin ni ma ina jin daɗin wuce Kabuga ba tare da na yi rabin awa a tsaye ba. Abin da nake cewa shi ne mai mota ne ake tambaya ko aiki ya yi kyau, shi kuwa wanda zai tsallaka titi mai layi shida da buhu a ka ba a tambaye shi ba, babu kuma wanda ya ajiye shaidar abin da yake gani.

Ga misalin abin da ƙafa ke gani wanda gilashin mota ke ɓoyewa. Ka shiga lungu ɗaya a cikin birni da hantsi, ka tsaya gaban tsohon soro. A ƙasa za ka ga dakalin da zama ya goge har yana sheƙi. Sama da shi akwai ragowar shafen makuba, da sawun yatsun maginin da ya yi masa ado tun yana ɗanye, sai kuma daidai tsayin ƙirji inda aka yaɓa siminti don tare zaizayar damina, simintin ya tsage ya rabu da jar ƙasar da ke bayansa saboda ba sa shan ruwa iri ɗaya. A kan simintin an liƙa hotunan 'yan takara na zaɓe uku, wani kan wani, rana ta cinye fuskokin na ƙasa. Gefe guda an rubuta lambar wayar mai yasar masai da gawayi, kusa da "Ba Shiga" da aka rubuta da fenti tun da daɗewa. Can sama zanko ɗaya ya karye, indararon ƙarfe ya maye gurbin na ƙasa, wayoyin lantarki sun bi ta kan azara. Wannan bango guda ya ƙunshi tarihin gini da na siyasa da na tattalin arzikin gidan, kuma ɗalibin da aka koya wa kallo zai iya yin wata guda yana zana shi bai ƙure shi ba. Idan ya dawo da la'asar sakaliya zai tarar inuwa ta juya, majalisa ta koma ɗaya ɓangaren, mai ƙosai ta kafa kaskonta inda ɗazu awaki ke kwance. Idan ya dawo da hunturu, hazo ya shafe launuka, sai ya sake koyon haɗa fentinsa. Wanda ya ce wannan ba bincike ba ne, sai ya gaya mana da me ya bambanta da abin da masanin tsirrai ke yi idan yana komawa fili ɗaya yana duba ganye ɗaya.

Sai dai a nan ne nake ganin ɗalibinmu zai iya wuce waɗanda suka fara abin a Turai, in har ya buɗe ido. Mai yawon Faris na wancan zamani mutum ne da ya ƙoshi, yake da lokacin ɓatarwa, yake tafiya don ya ga dama. Mu kuwa garuruwanmu cike suke da mutanen da tafiya ce sana'arsu, kuma sun fi kowane farfesa sanin gari. Ɗan garuwa ya san gangaren kowane layi, domin da jarkoki cike yake bin wata hanya, da wofi kuma ya dawo ta wata. Mai yankan farce yana tafe yana kaɗa almakashi, mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa, kowannensu ya san lokacin da maza ke zaune a ƙofar gida a kowace unguwa. Ɗan jari-bola ya san gidan da ake zubar da ƙarfe da wanda ake zubar da roba, wato ya san arzikin unguwa ta bayan gida. Makafin da ke fita bara ranar Juma'a a jere, hannu a kafaɗar na gaba, suna gane inda suke ta ƙamshin tsire da ƙarar injin markaɗe da sanyin da ke fitowa daga bakin kwata. Haka 'yan tashe a watan azumi, haka ɗan dako a Kantin Kwari, haka almajirin da ya san gidan da ba a hana shi ɗumame. Har hawan salla, idan aka cire ado da algaita, hanya ce da aka tsara ana bi shekara da shekaru, kuma dubban da ke biye da dawakai a ƙafa suke. Ɗalibin digirin digirgir da zai ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan mutane a matsayin malaminsa, ya bi shi da yardarsa, ya zana taswirar garin kamar yadda shi yake ganinsa, zai kawo wa duniyar fasaha abin da ba ta da shi, maimakon ya kai mata kwafin abin da ta riga ta gaji da shi.

Batun mata ma ya fi wannan nauyi. Akwai Kano ta biyu, da Zariya ta biyu, da Katsina da Damagaram ta biyu, waɗanda namiji baligi ba ya shiga, iyakarsa zaure. Mata suna da nasu hanyoyin: zuwa barka da suna da biki da gaisuwar rasuwa, sau da yawa bayan magariba, ta ƙananan ƙofofin da ke haɗa gida da gida ba tare da an fita titi ba. Suna da labarin gari da yara masu talla ke kawo musu tare da cinikin yini. Duk taswirar birni da na taɓa gani ta maza ce, tana nuna titi da masallaci da kasuwa, ta bar tsakar gida fari fat kamar ba kowa a ciki. Ɗaliba mace ce kaɗai za ta iya zana wancan garin, kuma za ta iya yin hakan ba tare da ta keta mutuncin kowa ba, domin ba dole ne ta zana fuska ko ta ɗauki hoto ba. Ana iya yin aikin da zare da allura a kan ƙyalle, ko da lalle, ko da sautin turmi da taɓarya da aka naɗa da izinin masu gida.

Kada a ɗauka ina neman a buɗe ƙofa ga kowane malalaci. Haɗarin gaskiya ne, kuma na ga alamunsa: yaro ya zaga gari da waya, ya ɗauko hotuna ɗari uku na bola da almajirai da tsofaffi masu bara, ya liƙa su a bango, ya ɗora musu manyan kalmomin Turanci, ya ce ya yi bincike. Wannan ba fasaha ba ce, cin amanar talaka ne, domin an mayar da wahalarsa abin kallo ba a tambaye shi ba, ba a kuma ba shi komai ba. Maganin wannan shi ne tsauraran sharuɗɗa, ba hani ba. Dole ɗalibi ya zo da tambaya takamaimiya, kamar yadda gina gadar sama ya sauya hanyar masu tallan da ke tsallakawa, ko inda inuwa take a tsakanin Ƙofar Mata da Kurmi da azahar da kuma wanda ke cin moriyarta. Dole ya kafa wa kansa ƙa'idar tafiya ya kuma tsaya a kanta, ya ajiye littafin aiki mai kwanan wata wanda malamin da ke duba shi zai riƙa gani, ya karanta tarihin wurin da abin da masana labarin ƙasa da na zamantakewa suka rubuta a kansa. Sannan, kuma wannan shi ne inda ba na sassauci, dole hannunsa ya iya aiki. Wanda bai iya zana jaki a tsaye ba, tafiya ba za ta rufa masa asiri ba. A ranar kare kundi kuwa, ina ganin ya dace mai jarrabawa na waje ya cire babbar riga ya bi ɗalibin su taka hanyar tare, ko da na awa ɗaya ne, kafin a koma ɗaki a yi tambayoyi, domin gani ya kori ji, kuma a nan ne za a gane wanda ya san hanyarsa da wanda ya ƙaga ta a kan kwamfuta.

Akwai matsalolin da ba a magance su da rubutu. A halin tsaron da ake ciki, baƙon fuska da ke tsaye yana zana gidan mutane ko yana ɗaga na'urar naɗar sauti zai iya samun kansa a hannun 'yan sintiri kafin ya buɗe baki, kuma ba za a ga laifin mutanen unguwa ba. Ga masu ƙwacen waya, ga zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40, wanda ke sa tafiya ta gagara in ba bayan asuba ko da yamma ba. Saboda haka wajibi ne sashe ya bai wa ɗalibi takarda, shi kuma ya fara da gaishe da mai unguwa da limamin masallacin layin ya bayyana musu abin da ya kawo shi, ya nemi wani ɗan unguwa ya riƙa raka shi. Wannan gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce, domin a zauren mai unguwa ne zai ji wane gida ne na marina a da, wace rijiya aka cike, wane lungu ne aka toshe da gini har makara ta daina wucewa ta nan. Ta fuskar kuɗi kuwa, wannan hanya ta fi sauƙi a kan ɗan talaka. Fentin mai da zanen da ake shimfiɗa shi a kai daga waje ake shigo da mafi yawansu, kuma faɗuwar naira ta sa ɗalibai da yawa suna rage girman aikinsu don dole. Littafin zane da fensir da gawayi da wayar da ke aljihu sun isa a fara.

Iyaye za su tambaya, kuma suna da gaskiya, wane aiki mai irin wannan digiri zai samu. Ba zan yi musu alkawarin abin da ba ni da iko a kansa ba. Amma hukumomin tsara birane da kamfanonin da ke zana tituna suna bukatar wanda zai gaya musu, kafin a zuba kankare, ta ina mutane ke tsallakawa a zahiri, domin kowa ya ga gadojin masu tafiya a ƙafa da aka kashe wa kuɗi amma jama'a na bi ta ƙarƙashinsu, saboda an dasa su inda ya dace da takarda ba inda ƙafa ta saba ba. Gidajen tarihi suna bukatarsa, masu shirya fina-finai suna bukatar wanda ya san lungu da haskensa, masu kai baƙi yawon buɗe ido ma haka, balle yanzu da hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, kamar yadda ta sanya tsohon garin Agadas a nata jerin wuraren tarihi a 2013.

Kirana ga shugabannin sassan zane da makarantun gaba da digiri shi ne su rubuta wannan hanya a cikin ƙa'idojinsu a fili, tare da sharuɗɗanta, don kada makomar ɗalibi ta rataya a kan ko malamin da ya ci karo da shi ya taɓa jin labarinta. Su kuma ba da dama a haɗa masu duba aiki biyu, ɗaya daga sashen zane, ɗaya daga sashen tsara birane ko labarin ƙasa ko tarihi. Haka nan a daina kulle sakamakon a ɗakin karatu na sashe inda ƙura ce kaɗai ke ziyartarsa. A fara baje kolin a unguwar da aka yi aikin, ko da a harabar makarantar firamare ce, domin waɗanda aka zana hanyarsu su gani su gyara abin da aka kuskure, sannan a kai shi wuri irin Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Kwafin zane-zanen da sautukan da aka naɗa kuma a ajiye su a cibiyar adana tarihi irin Gidan Arewa da ke Kaduna, da sunan unguwa da kwanan wata da lokacin yini a jikin kowanne.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin zane,
Kano.